Kilomita Goma Sha Ɗaya

Shekara talatin da biyu ina riƙe da sitiyari,
ba nawa ba.
Na san titin Gusau rami-rami,
na san inda shanu ke tsallakawa kafin Tureta,
na san tarin kowane oga daga kujerar baya.

Ran Talata na sa farar shadda,
Kulu ta ɗauko mayafinta na zuwa suna,
muka shiga a-daidaita zuwa gidan gilashin nan
inda motoci ke hutawa cikin sanyi,
masu su kuwa na waje rana na gasa su.

Yaron da ya tarbe mu Zayyanu ne sunansa,
turarensa ya riga sallamarsa isowa.
Ya ce, "Baba, mi kaka so?"
Na ce, "Wadda ba a taɓa yin rantsuwa a kanta ba.
Ban son 'yar Kwatano,
ban son wadda aka ce wata hajiya ce ta ɗan taɓa."

Ya kai ni gaban wata mai ruwan toka.
Ban dubi fenti ba, bonet na ɗaga.
Na zaro ma'aunin baƙin mai,
ashe a farkonsa ba baƙi ba ne,
zuma ne farar saƙa.
Na durƙusa, gwiwa na ƙara, na shafa taya:
gashinta bai ko zube ba.
Allon gaba ya ce kilomita goma sha ɗaya.
Tazarar gidana da makabarta ta kusa haka.

Na taya, kamar yadda ake taya rago a kara.
Ko "albarka" bai ce ba,
kwamfuta ya juyo mini.
Farashin nan bai san gaisuwa ba,
bai san wanda ya haife ka ba.
Da na matsa, aka ba ni gyara:
shimfiɗar ƙafa huɗu da tukunyar kashe gobara.

Garatutin da na yi shekara huɗu ina bi ofis-ofis,
da filin Arkilla da na saya tun yana dajin sabara,
duk suka shige waya, suka maƙale.
Banki ya ce sun fita, kamfani ya ce ba su iso ba.
Daga azahar har la'asar
dukiyata na rataye tsakanin sama da ƙasa.
Kulu na jan carbi, ruwan gorar da aka ba ta ya yi ɗumi.
Muna sallame la'asar wayar akanta ta yi ƙara,
Zayyanu ya yi hamdala ya fi ni ƙarfi.

Makullin da ya miƙo ba shi da haƙori.
"Baba, birki zaka takawa, sannan ka danna nan."
Na bar shi ya gama karatunsa.
Ranar da na fara kai takarda Illela
uwarsa ma ba ta yi wayo ba.

Sai ga ni, ban san sadda na zagaya ba,
na buɗe ƙofar baya, na ja gefe, na rusuna.
Kulu ta dube ni, ta dubi ƙofar.
"Wa kaka buɗe ma?"
Ta wuce gaba ta zauna, ledar kujera na ƙara ƙarƙashinta,
ta ce kar wanda ya cire ta sai bayan Sallah.

Mun fito a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai a faifai.
Wajen Gawon Nama ɗan kabu-kabu ya kusa shafar madubi,
zuciyata ta faɗo cikin takalmi.
Na leƙa madubin ciki, kujerar baya ba kowa.
Bakina ya riga ni: "Ina muka nufa?"
Kulu ta ce, "Yau kai aka tambaya."

Na duba allo. Goma sha uku.
Allurar mai kuwa tana kwance kan ja.
Gidan mai muka fara zuwa.