Allurar Baba

Ranar da likita ta ɗaga hoton kan Baba ga fitila,
a asibitin nan na ƙetaren kogi,
na ga tabo kamar kunu ya ɗiga a baƙin yadi.
Ta ce, "Nan jini ya tsaya.
Nan hanyar hannun dama ta yanke."

Shekara talatin da huɗu yana taka keke a Kasuwar Barci,
yau cokali ya gagare shi.

Ta ce, "Amma ƙwaƙwalwa ba kwalta ba ce,
saura ce bayan ruwan Agusta:
inda ƙafa ta yawaita bi, nan turba ke fitowa.
Ku ba shi abin da ya saba. Kullum. Ko ya yi fushi."

A cikin Keke Napep, muna kan gada,
Uwani, autarmu mai karatun falsafa,
ta ce mutanen Girka na dauri sun hango haka
ba na'ura, ba allon haske.
Wai kyakkyawar rayuwa ba daɗi ba ce
mai sauko maka kamar iskar fanka in an kawo wuta.
Aiki ce.
Wuƙa ta yanka, ido ya gani,
mutum ya yi abin da ya iya har ya ƙware.
Da gini ake zama magini,
da haƙuri ake zama mai haƙuri.

Na ce, "Mu kuwa an ce mana hali zanen dutse ne."
Ta ce, "To, wa ya zana?
Ba yau da gobe ba?"

Kowace safiya a zaurenmu na Tudun Wada
sai mu miƙa masa allura da zare.
Zare ya lanƙwashe, ya kauce, ya yi gardama.
Ran nan ya yi jifa da su, allurar ta ɓace a tabarma,
ni na tsince ta da tafin ƙafa.

Masara ta nuna, aka gasa, aka cinye.
Kogi ya janye daga gonakin alayyafo.

Wata Talata, zare ya shiga.
Bai yi murmushi ba.
Da karkataccen bakinsa ya ce,
"Cire rigar nan.
Maɓallinka ya dame ni tun watan azumi."

Ɗinkin ya tafi a karkace kamar sawun tururuwa.
Ban san sunan jijiyar da ta farka ba,
ban iya faɗin kalmar Girkancin da Uwani ke so ba.
Rigar dai tana jikina,
maɓallin bai sake faɗuwa ba.