Bauri

Ranar Lahadi a Kanelones, da muka dawo coci,
na aiki jikana ɗakin ƙasa.
Na ce, ta can ƙurya, Lisandro,
wadda gizo-gizo ya yi wa mayafi,
mai rubutun alli da hannun kakanka.

Shekara goma sha ɗaya tana kwance.
Shi ma haka.

Tanat ne, baƙin inabi ƙanana masu kaurin fata.
Duk taurin kan a nan yake, a fata da ƙwallo.
Evaristo kan ce,
inabin da bai cije ka ba, kada ka ba shi amana.

Na tsiyaya.
Wai ja ce. Ƙarya ake mata.
Ɗaga kofin ga taga, rana ma ba ta ratsa ta,
sai siririn zobe a baki-baki
mai launin jinin da ya kwana.

Yaron bai jira ba.
Shekara ashirin da biyu, ina ya san jira?
Ya kurɓa, ya yamutsa fuska,
harshe ya manne wa ganɗa,
dasashi ya bushe kamar an goge shi da tsumma.
Kaka, wannan ai jima take yi!
Ta ɗauke ni fatar sa ne?

Na yi dariya har na dafa tebur.

Zauna, na ce. Ba a gaishe ta da baki wofi.
Tun hantsi haƙarƙarin ke kan garwashi,
garwashi fa, ba harshen wuta ba,
babu komai a kansa sai gishiri mai tsakuwa.
Kitsen ya yi ruwan zuma, yana ɗiga, toka na yi masa tsaki.
Yanki nan, inda ya fi maiƙo.
Tauna.
A'a, kada ka haɗiye tukuna.
To, yanzu kurɓa.

Shiru.

A idonsa na ga abin ya sauka.
Baurin ya samu abin riƙo, ya saki harshe,
sai waɗanda ke bayansa suka fito ɗai-ɗai:
busasshen ɓaure, ganyen taba,
ƙamshin sirdi da ya sha gumin doki,
can ƙarshe kuma ƙasar gonarmu
daren da ruwa ya dawo bayan fari.

Kada ka kai ta wurin kifi, na ce masa,
sai ka ji kamar ka tsotsi ƙusa.
Da barkono kuwa, mafaɗata biyu ne a ɗaki guda.
Kayan zaƙi ma bar su, ba ta son lallashi.
Ba ta tsohon cuku mai tsagewa a wuƙa,
ko kafaɗar rago da ta wuni da tafarnuwa.
Wani baƙo daga Montebideyo ya taɓa neman ƙanƙara ya jefa ciki.
Kakanka bai ce uffan ba,
ya dai miƙa masa hularsa.

Lisandro ya juya kofin a hannu.
Shi ma haka yake, Kaka?

Shekara arba'in da ɗaya, yaro.
Maƙwabta kan ce, Nelida, yaya kike yi da mutumin nan?
Su a tsaye suka ɗanɗana shi, da yunwa.
Ni na zauna.
Amma ba zan yi maka ƙarya ba,
akwai shekarun da babu kitsen da ya ishe shi,
akwai kwalaben da na buɗe da murna
na tarar da tsami,
na zubar a gindin kurangar ban gaya wa kowa ba.

Wannan dai ta yi.

Bar gidigin da ke ƙasa, ba a shan sa.
Kada kuma ka wanke kwalbar, allin zai goge.

Saura huɗu a ƙurya.
Ni da su muna lissafi,
ba mu san wa zai riga wani buɗewa ba.
Miƙo gishirin.