Ido a Ƙeya

Shekara talatin da ɗaya ina jan tirela,
Auduga daga Garwa zuwa Ngaundare,
Ni kaɗai ban taɓa ja da baya.

Njidda na ƙasa, tsumma a kafaɗa,
Yana dukan bodi da tafin hannu:
"Taho, taho, karya hagu kaɗan,
Taho, tsaya!"
Shi ne idona na ƙeya.

Yau Njidda ya shekara shida a ƙasa.
Ni ma na sauko daga babbar mota
Zuwa wata 'yar tsohuwa da ɗana ya saya.

Wuyana kuma ya ɗaure.
In zan waiga sai da kafaɗa duka,
Kamar wanda ya ɗauko ruwa a tukunya.

A Yelwa, inda Bakari ke haɗa wayar mota
Ƙarƙashin dalbejiya,
Ya zubo min wasu maɓallai huɗu a hannu,
Baƙaƙe, ba su fi ƙwallon magarya.
"Bamba za mu huda, Baba, mu dasa su.
Ka kusanci abu, su yi maka kuka.
Sefa dubu ashirin da biyar har da waya."

Na ce, kuɗin buhun dawa ke nan.
Ni da na cusa tirela lungun da jaki ke shakka,
Yau maɓalli zai koya min tsaya?
Na kaɗe rigata, na bar shi ina dariya.

Ran Lahadi zan ci kasuwar Pitowa.
Gari bai gama wayewa ba.
Na duba madubi, babu kowa,
Na saki ƙafa, mota ta silala,
Sai na ji abu mai laushi a ƙarƙashin taya.

Ban san yadda na fito ba.

Takalmin roba ne, ja, ƙafa ɗaya,
Na Dudu, 'yar wajen ɗana.
Ita tana tsugune taku biyu daga nan,
Ta biyo ɗan tsako,
Ta ɗago kai tana nuna min haƙoranta huɗu.
Ni kuwa gwiwa ta ƙi ɗaukata,
Na zauna a ƙasa ina sauraron zuciya.

Litinin, kafin Bakari ya buɗe akwatinsa,
Ina zaune a bencinsa.
Bai tambaye ni ba, ban faɗa ba.
Ban nemi ragi ba, na biya.

To, ga gaskiya:
Abin nan sarkin tsegumi ne.
Ciyawa, kuka. Turmi, kuka.
Bai san bambancin yaro da akuya.
A bakin babbar kasuwa, cikin 'yan babur,
Kuka yake kamar an taka wutsiyar karya.
Da damina taɓo ya rufe masa ido,
Ya yi ta ihu babu kowa a hanya.
Rami kuwa bai san shi ba sam:
Yana shiru na faɗa kwata a Rumde Ajiya,
Sai da samari biyar suka ɗaga ni, ina jin kunya.

Bai iya cewa "karya hagu" ba.
Ba ya raba goro, ba ya hura wutar shayi,
Ba ya tashe ni in na yi gyangyaɗi a sitiya.

Abokai a majalisa suna tsokana:
"Direban direbobi, ya ci kuɗinsa?"
Nakan ce, sau ɗari yana min ƙarya.
Ina biyan ɗarin nan da haƙuri
Saboda rana guda da ban san ranarta ba.
Allah sa kada ta zo,
In mutu ana cewa na yi asarar dukiya.

Har yau sai na kewaya motar da ƙafa,
Na durƙusa, duk da wuyan, na leƙa ƙarƙashi,
Na kira Dudu, na ji daga ina ta amsa.
Sannan in shiga.
Jan takalmin na lilo a jikin madubi.
In ce, "To, Njidda, mu je."
Daga baya can
Sai wata 'yar siririyar murya.