Abin da Muke Sha

Mushe Ciroma ya rubuta kalma guda a allo,
ya ce ma'anarta karyawa,
amma jaki ce, kowa da kayan da yake aza mata.
Masu Ingilishi suna karya labari in za su faɗe shi,
suna karya zuciya ba a ji ƙara ba,
baƙo da baƙo in shiru ya yi musu yawa
sai ɗaya ya karya ƙanƙara, hira ta ɓalle.

Lawali ya ɗaga hannu:
Mushe, ƙanƙara dala ashirin ce a Zango,
wa zai fasa ta don hira?

Ƙarfe ukun dare ina layin famfo a Garin Malam,
bido shida, ni ce ta arba'in da ɗaya,
littafi a cinya, tocila a baki.
Iya Gambo ta ce, Barira, me kike gunguni?
Na gaya mata.
Ta gyara zama bisa bokitinta,
ta ce, su karya suke yi?
Mu shanyewa muke.

Na sha rana a Kasuwar Dole kan tiren ƙuli-ƙuli,
na sha kashi kan tulun da ba ni na fasa ba.
Ranar da mota ta kife da ubanki a hanyar Magarya
tun kafin ɗan aike ya yi sallama
na sha jinin jikina,
shi kuwa ya sha da ƙyar.
Ni da ƙanwata mun sha bamban kan gonar gero,
shekara tara, ko barka da sallah.
Na sha alwashi ba zan tsufa a layi ba.
Dube ni.

Ta nuna famfon da haɓa:
abu ɗaya ne kawai ya gagare mu sha a garin nan.

Can sai ƙarfen ya yi tari.
Mata suka miƙe, biduna suka yi karo,
wata ta taka mini littafi.
Ya sake tari,
ya huro wani dogon numfashi mai warin tsatsa,
ya yi shiru.

Iya ko motsi ba ta yi ba.
Ta ce, ga iska nan an kawo, ƴata,
matsa ki sha.

Gobe Mushe zai nemi jimloli biyar.
Biyu gare ni, ɗaya da shatin takalmi a kanta.
Zan sha faɗa.