Ƙwarya a Kife

Shekara ashirin da bakwai ke nan
ina naɗe ƙafa a kujerar da ba ta kai min gwiwa ba.
Digirina uku, amma a ɗakin nan
Kaneng ce ke ba da umarni,
ita da wawulonta.

Nakan fito daga Naraguta sanyi na cizon yatsu,
jakata ɗauke da kayan aikin farfesa:
'yar ƙwarya, ƙuli-ƙuli,
kofi biyu, dogo da mai faɗin baki,
sai agogon ƙirga daƙiƙa.

Na kife ƙwarya a kan ƙuli.
Ɗan wata biyar ya dubi bango,
abin da ya ɓace wa ido ya bar duniya.
Ɗan wata tara ya miƙa hannu ya ɗaga.
A tsakanin waɗannan biyun
ƙuruciyata ta ƙare.

Na juye ruwa daga gajere zuwa dogo.
"Ya ƙaru!" in ji Sagiru, har da rantsuwa.
Bayan damina uku na sake juyewa,
ya dube ni da tausayi:
"Malama, ai ruwan ne dai."
Na rubuta kwanan wata, alƙalami na rawa.

Ranar da na kai wa Inna takardar ɗaukar aiki
ba ta ɗago daga tsintar wake ba.
"Yaro goya shi ake, Asabe, ba a karanta shi.
Gwamnati biyanki za ta yi ki kalli wasan ƙasa?"

Takan biya, in ta tuna.
Wani yajin aikin da ya ƙi ƙarewa
dankali da kabeji na sayar a bayan mota, a Farin Gada,
ɗalibaina na taya ciniki suna sunkuyar da kai.
Mujallar ƙetare ta dawo min da muƙala:
yara arba'in, wai, sun yi kaɗan.
Ta yaya zan gaya musu
da hamsin da uku na fara?
Sai shekarar da unguwa ta tsage biyu,
aka ɗaure kaya cikin dare,
layi goma sha uku a jadawalina
suka tsaya a wata guda, fari fat har ƙasa.

Cikin waɗanda suka rage na zube gyaɗa bakwai, yara biyu.
Dachung ya raba: uku nasa, uku na Zulai.
Ta bakwai ya daɗe yana juya ta a tafi,
ya fasa da haƙori,
ya miƙa mata ɓarin da ya fi girma.
Fom ɗina ba shi da gurbin wannan.
Na rubuta a gefe, edita ya yanke.

Makon jiya a Taminus wani mai gemu
ya taka birkin kekensa: "Malamar ruwa!"
Ya ƙi karɓar kuɗin haya.
'Yarsa, ya ce, ta shiga wata tara,
ba abin da za ka ɓoye mata.

Inna yanzu tana ɗakin baya,
da sunan ƙanwarta take kirana.
Jiya na kife ƙwarya a kan goronta saboda ƙuda,
ta bi hannuna da kallo,
sannan ta dubi bango.
Ba ta nema ba.

Yatsana ya tafi neman agogo da kansa.
Na tsayar da shi.

Na ɗaga ƙwaryar.
Ta yi dariya, dasashi duk a waje,
kamar yanzu aka halicci goro.
Na sake kifewa, na sake ɗagawa,
har aka kira magariba a Gangare.
Ban ƙirga ba.
Na tashi na ɗora mata ruwan wanka,
na taɓa shi da gwiwar hannu tukuna.