Ginshiƙi na Bakwai

Ƙasar Sakkwato ba ta rawa,
haka Haliru mai walda yac ce
ranar da yal liƙe gindin bututun ga faranti.
"In ba tirelar siminti ta taso daga Kalambaina ba,
mi ka girgiza mu nan?"
Luba ba ta tanka ba,
tana auna kaurin ƙarfe, biro ga baki.

Ni nid dama kankaren.
Yashin gulbin Rima, tsakuwa tankaɗaɗɗa,
ruwa kaɗan, awon marowaci.
Munka ɗura, munka zungura da rodi
har kumfa tab bar tasowa.
Kwana ashirin da takwas
ina jiƙa tsumman da anka rufe bakinai,
cikin bazarar da ko ƙadangare bai son dutsi.

Ranar gwaji anka ɗauke wuta.
Munka jira janareta har azahar.
Sannan anka aza mai nauyi bisa kai,
anka ce kwatankwacin bene hawa ukku,
hannun inji yad dafa kafaɗatai.

Gabas. Yamma.
Da fari kamar lallashin jinjiri.
Gabas, yamma, a ƙara taƙi guda,
a koma, a sake, a ƙara.
Bisa allon kwamfuta zane na kewaya kainai,
yana ƙiba kamar ƙwallon dabino.
Luba tac ce ƙibar nan ita aka so,
wai shanye duka ya kai, ba ramawa ba.

Zagaye na sha tara fenti yaf fara zuba.
Na ashirin da shidda gindin yak kumbura
kamar ƙafar mai tundurmi.
Nij ji wani ƙas daga ciki,
irin na haƙori in ya gamu da tsakuwa cikin shinkafa.
Bai faɗi ba.
Ya karkace, yana nishi, nauyin na bisa kai.

Bayan la'asar Haliru yat tsaga ƙarfen.
Abin da nid dama da hannuna
yaz zubo gari, yar rufe min takalmi.
Tun yaushe? nic ce.
Luba tad dubi lissafi: ta yiwu tun na ashirin.
Ƙarfen ya hana shi watsewa,
shi ko ya hana ƙarfen lotsawa ciki,
sunka yi ta tafiya haka nan.

Sai nit tuna da yayana Modi,
shekarar da shagonai yaƙ ƙone a kasuwa.
Kullum kaftani a goge, gaisuwa cikakka,
kuɗin makarantarmu bai taɓa latti ba.
Ba wanda yat tambai tun yaushe.

Nis share garin, baro ɗaya da rabi.
Haliru na cinikin ɓawon ƙarfen da kilo.
Gobe na takwas,
wanda munka rage wa kauri.