Kwalbar Wuse a Gangare

Dubu sha takwas na biya a Wuse,
na rungumo ta har Jos.
Goggo Tasalla ta ce, "Karanto mini."

Man kaɗanya. Zogale. Kurkum.

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta:
"Wato bayan ɗakina
aka sa wa murfin zinariya?"

Na ce maganin tamoji ne,
sati uku, goshi sumul.

Ta ɗora yatsa a goshin:
"Wannan, kwanon kuza ne a Barikin Ladi.
Wannan, sanyin asubar Farin Gada.
Mai zurfin nan,
daren da ubanki bai dawo ba.
Wanne zan goge?"

Ta tuɓe safa, ta lakato,
ta cusa a fason diddige.
"Nan kam ba labari.
Zafi ne kawai."